ZAƁEN DUTSEN KANTAR GIRKI: ABIN DA MAI GINI A KUNDURU YA KAMATA YA SANI KAFIN YA BIYA KUƊI

Duk wanda ya bi hanyar Kano zuwa Katsina a 'yan shekarun nan, ya ratsa ta Gidan Mutum Ɗaya da Kankiya, sa'an nan ya leƙa garuruwan da ke kewaye irin su Kusada da Kunduru, ba zai rasa ganin sababbin gidajen bulo da siminti suna tasowa a tsakanin tsofaffin gidajen ƙasa ba. Waɗansu daga cikin gidajen nan na ma'aikatan gwamnati ne, watau malaman makaranta da akawuna da ma'aikatan asibiti, waɗanda suka ƙare ƙuruciyarsu a Katsina ko Kaduna ko Abuja suna tara kwabo a kan kwabo, domin su sami inda za su sa haƙarƙarinsu idan sun ajiye aiki.

Irin wannan gini ba a gama shi a shekara ɗaya. Bana a sa harsashi, baɗi a kai linta, baɗin baɗaɗa a yi rufi, galibi kuma sai kuɗin sallama sun fito ake waiwayar ƙofofi da daɓe da ɗakin girki. A daidai wannan lokaci ne, sa'ad da aljihu ya riga ya yi sauƙi, mai gida yake samun kansa a gaban shawarar da birane suka yi yayi, ita ce ta shimfiɗa allon dutsen nan mai sheƙi da ake kira giranit a kan kantar girki. Dutse ne da ake sawa sau ɗaya. In an dace, jikoki ma su gāje shi. In an yi kuskure kuwa, to, an yi ke nan, domin wanda yake jiran fansho a ƙarshen wata ba shi da halin ɓamɓare shi ya sayi wani.

TSOHON BAƘO A MADAFA

Ko da yake sunan baƙo ne a kunne, shi dutsen kansa ya daɗe a madafar Bahaushe. Dutsen niƙa da ɗansa, waɗanda kakanni mata suka durƙusa a kansu suna niƙa gero da dawa tun kafin injin niƙa ya shigo ƙauyuka, galibi daga irin wannan dutse aka sassaƙa su. Sun kuwa san yadda ake zaɓe. Ba sa ɗaukar dutsen da ke marmashewa ya cika gari da tsakuwa, ba sa kuma ɗaukar mai tsaga. Abin da ya sāke a yau shi ne an yanka dutsen ya zama allo, an goge shi har yana ɗaukar ido, an kuma ɗaga shi daga ƙasa zuwa daidai ƙugu.

Kafin a kai ga wannan, kantar girki ta gidajen ma'aikata ta sha sauye-sauye. A shekarar 1975, lokacin da aka biya ƙarin albashin nan na Udoji, abin yayi shi ne katako da aka manna wa fomaika, ko kuma daɓen terazo ga masu hali. Kowa ya san ƙarshen fomaika: ruwa ya shiga ƙarƙashinta, katakon ya kumbura, gara ta ƙarasa sauran. Daga baya aka koma zuba kankare a manna masa tayil, shi kuma aibinsa shi ne daƙwalon datti da ke maƙalewa a tsakanin layukan. Giranit ya sami karɓuwa ne saboda ba shi da waɗannan layuka, gara ba ta cinsa, ruwa kuma ba ya ruɓar da shi.

MENE NE GIRANIT?

Masana ilmin ƙasa sun bayyana cewa giranit narkakken dutse ne da ya huce sannu a hankali a can cikin ƙasa, shi ya sa ƙwayoyinsa suka sami damar girma har ido yana iya rarrabe su. Wanda ya ƙura wa allon ido zai ga iri uku. Akwai mai kama da gilashi, wadda ake kira kwaz. Akwai fara ko mai ja-ja-ja, ita ce felsifa, kuma ita ce ke ba dutsen launinsa. Akwai kuma baƙaƙen ɗigo masu ƙyalli da ake kira maika.

Tun a 1812 wani Bajamushe mai suna Friedrich Mohs ya tsara ma'aunin taurin duwatsu daga 1 zuwa 10. A wannan ma'auni kwaz tana kan 7, felsifa tana kan 6, wuƙar girki ta ƙarfe kuwa ba ta cika wuce 5 da rabi ba. Wannan shi ne dalilin da ya sa wuƙa ba ta yi wa giranit tabo, sai dai ita ta dakushe. Ƙarkonsa kuma ba abin gardama ba ne, domin Masarawan dā sun ɗauko jan giranit daga Aswan, tafiyar kimanin kilomita 800 a kan Kogin Nilu, suka gina ɗakin sarki a cikin babbar dalar Giza, yau fiye da shekara 4,000 ke nan yana nan daram.

Abin mamaki shi ne, ƙasar tsakiyar Jihar Katsina a kan irin wannan dutse take zaune. Masu haƙar rijiyar burtsatse a yankin sun san haka, domin ba sa nisa suke cin karo da shi, sunan garin Dutsin-Ma kuma ya isa shaida. Tun a 1911 wani masani Bature, J. D. Falconer, ya kasa giranit na ƙasar Arewa gida biyu, tsoho da sabo. Tsohon, wanda ya kai kimanin shekara miliyan 600, shi ne ake gani a ƙasashen Katsina da Zariya, kamar dutsen Kufena. Sabon kuwa shi ne na tsaunukan Jos, inda ake haƙar kuza.

To, me ya sa mai gini a Kunduru zai sayi dutsen da ya ƙetaro teku daga Indiya ko Sin ko Barazil, alhali yana takawa a kan irinsa? Amsar tana wajen yadda ake fitar da shi. Yawancin wuraren fasa dutse na ƙasar nan nakiya suke sawa, domin tsakuwar kankare da ta hanya suke nema, dutsen da nakiya ta girgiza kuwa ya riga ya tsattsage daga ciki, ba ya yin allo. Dutsen allo sai an yanko shi a curi guda da igiyar ƙarfe mai haƙoran daimon, a kai shi masana'anta a tsaga da manyan zartuna, a goge, aikin da ke bukatar jari mai yawa da ruwa da wutar lantarki wadda ba ta yankewa. Akwai 'yan kamfanoni da ke wannan aiki a cikin gida, kuma dutsensu bai gaza na waje ƙarko ba. Tun da aka saki darajar Naira a watan Yuni na 2023, duk abin da ake sayowa da kuɗin waje ya yi tsada ƙwarai, saboda haka ya kamata mai saye ya fara tambayar na gida kafin ya kai hannu ga na ƙetare.

KADA A SAYI MABUL A MATSAYIN GIRANIT

Mutumin Kankiya ko Kusada da ke neman wannan dutse galibi sai ya dangana da Katsina, ko kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano, ko Dei-Dei a Abuja. A can zai tarar da alluna a jingine jere-jere, kowanne yana sheƙi, kowanne da sunan Turanci mai daɗin faɗa. Sunayen nan na kasuwa ne kawai, ba sa nuna ƙarko ko rashinsa. Gwaji shi ne ke nunawa.

Kuskure na farko da akan yi shi ne ɗaukar mabul a matsayin giranit. Mabul, irin wanda ake haƙa a Jakura kusa da Lokoja da Igbeti a Jihar Oyo, dangin farar ƙasa ne. Yana kan 3 ne kawai a ma'aunin Mohs, wuƙa tana yi masa tabo, tsami kuma yana cinsa. Madafar Bahaushe kuwa ba ta rabuwa da tsami: ga tsamiya, ga lemon tsami, ga zoɓo da yakuwa, ga tumatir da nono. Mabul yana da kyau a bango ko a daɓen falo, amma a kan kantar girki ba ya shekara sai sheƙinsa ya dusashe, ya yi dabbare-dabbare. Yadda ake gane shi da ido shi ne, shi mabul jijiyoyi gare shi masu tafiya kamar hayaƙi, giranit kuwa ɗigo-ɗigo ne kamar ƙwan zabuwa.

GWAJI HUƊU

Gani ya kori ji. Mai saye ya roƙi ɗan ɓallin dutsen da ya yi masa, daga cikin ragowar yanka, ya tabbata kuma daga allon da za a sayar masa ne, sa'an nan ya yi masa gwaji huɗu waɗanda ba sa cin ko kwabo.

Na farko shi ne na lemon tsami. A matsa 'yan ɗigo a kai, a bar su kamar minti goma, a goge. In wurin ya yi fari ko ya rasa sheƙi, dutsen bai dace da girki ba, ko da wane suna aka kira shi.

Na biyu shi ne na ruwa. A zuba cokali ɗaya a bar shi kamar minti goma sha biyar. In dutsen ya shanye ruwan har wurin ya yi duhu, to, yana da ƙananan ƙofofi da yawa, kuma yadda ya sha ruwa haka zai sha mai.

Na uku shi ne na manja, wanda ya fi kowane tona asiri. A ɗiga manja ko man gyaɗa a bar shi ya kwana, da safe a wanke da sabulu. Fararen duwatsu su ne suka fi faɗuwa a nan, domin sun fi shan mai, jan manja kuma ya fi fitowa a jikinsu.

Na huɗu na baƙin dutse ne. Mafi yawan abin da ake sayarwa da sunan baƙin giranit wani ɗan'uwansa ne dabam a wajen masana, amma wannan ba aibi ba ne, domin yana da tauri kuma ba ya shan mai. Aibin shi ne akan sami mai launin toka da aka rina ya koma baƙi ƙirin domin a ƙara masa kuɗi. A jiƙa farin ƙyalle da ruwan goge jan farce a murza. In ƙyallen ya yi baƙi, rini ne, kuma zai koɗe.

Bayan wannan sai a duba allon kansa a cikin rana, ba a cikin duhun shago ba. A bi shi da tafin hannu da farce a nemi tsaga, a dubi bayansa, a ƙwanƙwasa shi da ɗan ƙarfe. Lafiyayyen allo yana amo kamar ƙararrawa, mai tsaga kuwa muryarsa a dishe take, kamar yadda mata ke gane fasasshiyar tukunya a kasuwa.

LAUNI DA YANAYIN ƘASA

Wajen launi, ya kamata a tuna da inda gidan yake. Baƙi wuluk mai sheƙi yana da kyau a shago, amma daga watan Nuwamba zuwa Fabrairu, lokacin da hunturu ke kwararo ƙura, ana goge shi da hantsi, kafin azahar ya sāke yin fari. Haka nan ruwan rijiya ko na burtsatse mai gishiri-gishiri yana bar masa farin zane a duk inda ya bushe. Fari tas kuma an riga an faɗi halinsa da manja. Wanda ya fi jure wa ƙura da mai gaba ɗaya shi ne mai launin toka ko ƙasa-ƙasa ko ja-ja-ja, mai ɗigo-ɗigo, wanda kuma shi ne kamannin yawancin dutsen ƙasar nan.

AWO DA LISSAFI

A nan ne kuɗi suka fi zurarewa ba a sani ba. Waɗansu 'yan kasuwa da murabba'in mita suke sayarwa, waɗansu da murabba'in ƙafa, waɗansu kuma da mitar tsawo. Murabba'in mita ɗaya ya kusa murabba'in ƙafa 11. Faɗin kanta kuwa galibi santimita 60 ne, saboda haka mitar tsawo ɗaya ba ta wuce kashi 6 cikin 10 na murabba'in mita ba. Wanda bai tambayi da wane ma'auni ake yi masa ciniki ba yana iya ganin ya sami araha, alhali ya biya fiye da kima. Har wa yau a tambaya ko kuɗin ya haɗa da yanka, da gyaran baki, da huda wurin kwamin wanke-wanke, da ɗan allon da ake jinginawa a bango, da dako, da kafawa, a kuma rubuta duka a takarda kafin a ba da kafin alƙalami.

Kauri iri biyu aka fi samu, santimita 2 da santimita 3. Akan kuma liƙa siririn yanki a bakin na santimita 2 domin ya yi kama da mai kauri, saboda haka a auna daga baya, ba daga gaba ba. Nauyin ma abin lura ne. Murabba'in mita ɗaya na mai santimita 2 ya kai kimanin kilo 54, na mai santimita 3 kuwa kimanin kilo 80. Alal misali, kanta mai tsawon mita 3 za ta kai nauyin buhun siminti biyu in siririn ne, ko buhu uku in mai kaurin ne. Akwatin katako maras ƙwari ba zai ɗauki wannan ba, balle a ƙasar da gara take. Abin da ya fi shi ne magini ya ta da ƙafafu na bulo, ya zuba siririn kankare da rodi, ya daidaita shi da lebur, sa'an nan a ɗora dutsen. Kada kuma a yanka dutse sai an gama wannan ginin an auna shi, domin bango ba ya cika miƙewa yadda takarda ta nuna, dutsen da aka rage kuwa ba ya ƙaruwa.

Sai batun dako. Daga Kano zuwa Kankiya tafiya ce ta fiye da kilomita 100, daga bakin kwalta kuma akwai sauran hanya. Giranit yana da tauri amma ba ya lanƙwasa. In aka kwantar da allon a bayan akori-kura, gargada ɗaya ta isa ta raba shi biyu, musamman ta wajen da aka huda. A tsaye ake ɗaukarsa, a jingine da katako, a ɗaure tam. A kuma yi magana tun a shago a kan wanda zai ɗauki asara in ya fashe a hanya.

A TAMBAYI UWARGIDA

Akwai wani kuskure da ya fi duk waɗannan yawa, shi ne mai gida da magini su yanke shawarar ɗakin girki su biyu, alhali ba ɗayansu da zai tsaya a ciki. Tsayin kanta da aka saba shi ne santimita 85 zuwa 90, amma wadda za ta yi aiki a kai ita ya kamata a auna. Ita ce kuma ta san cewa tuƙin tuwon gida mai mutum goma sha biyar ba ya yiwuwa a tsaye a kan kanta, sai a murhu a tsakar gida, a kan kujera 'yar tsugunne. Daka ma na turmi ne a ƙasa. Wanda ya ɗora ƙaramin turmi a kan allon dutse yana kirɓa tattasai, ko ya ajiye kurfoti mai garwashi a kai, ko yaro ya taka gefen kwamin domin ya ɗauko wani abu a sama, shi ya jawo tsagewar da za ta biyo baya.

In haka ne, gida da yawa ba sa bukatar kanta mai zagaye ɗaki kamar ta hotunan mujallu. Mita biyu ko uku, inda za a ajiye murhun gas, a yi yanke-yanke da wanke-wanke, sun wadatar, kuma sau da yawa akan sami ragowar allo mai wannan girma da rangwame. Wanda kuɗinsa bai kai ba kuwa, ya fara da jawo ruwa da fitar da shi da buɗe taga mai fitar da hayaƙi. Kwamin wanke-wanke a cikin dutse mai tsada, ba famfo ba magudana, ado ne kawai. Kankare mai tayil ko terazo zai riƙe gida har Allah ya hore.

Kula da dutsen ba wuya. Ruwa da sabulu sun isa, a guji ruwan batir da sauran masu tsami da akan wanke bayi da su. Akwai wani ruwan magani da ake shafawa ya toshe ƙofofin dutsen. A shafa shi ran da aka kafa, a kuma maimaita duk lokacin da aka ga ruwa ya fara shiga maimakon ya tsaya a sama.

RAN MAI YANKA

Akwai wani haƙƙi da ke kan mai gida wanda ba ya cikin takardar ciniki. Aƙalla kashi ɗaya cikin biyar na giranit kwaz ce, ƙurarta kuwa in ta shiga huhu ba ta fita. Tana jawo ciwon da ake kira silikosis, wanda ke taurara huhu a hankali har numfashi ya gagara, ba shi kuma da magani. Abin ya fi muni a wajen allunan da ake haɗawa a masana'anta da garin dutse da danƙo, waɗanda ake kira kwaz a kasuwa, domin waɗansunsu sun haura kashi 90 cikin 100. Saboda yawan matasan ma'aikata da suka kamu ne ƙasar Ostareliya ta haramta irin waɗannan alluna daga ranar 1 ga Yuli, 2024.

A nan gida kuwa ba abin mamaki ba ne a ga saurayi ya duƙa da injin yanka a cikin rufaffen ɗaki, ƙura ta turnuƙe shi har gashin ido, ba abin da ya tare hancinsa sai ƙyalle. Mai gida yana da ikon hana wannan a gidansa. Ya sa a yi yankan a fili, ana zuba ruwa a bakin zarton, mai yankan ya sa takunkumi na ainihi, a kori yara daga wurin, a kuma kwashe ƙurar da jiƙaƙƙen tsumma maimakon tsintsiya.

Daga ƙarshe, akwai abin dubawa ga hukuma da ɗalibai. Dokar Ma'adinai ta 2007 ta sa duk ma'adinan ƙasa a hannun Gwamnatin Tarayya, ita ce kuma ke ba da izinin fasa dutse, amma ba abin da ya hana jiha ta jawo masu jari, ta kuma koya wa matasa yanka da guga a makarantun koyon sana'a, tare da hanyoyin kare lafiyarsu. Jihar Katsina, wadda aka ƙirƙiro ran 23 ga Satumba, 1987, ba ta rasa dutse ba. Kafin ranar da za a yanka na gida a gida, shawara ga mai gini a Kunduru ita ce ya tafi kasuwa da uwargida, da tef ɗin awo, da lemon tsami guda a aljihu, kada kuma ya biya sai ɓallin dutsen ya kwana da manja. Hausawa sun ce tun ran gini, ran zane.